Yadda Maƙwabta Za Su Gyara Unguwarsu Domin Lafiyar Zuciya

Idan likita ya auna mutum ya ga jininsa ya hau, shawarar da zai bayar kusan kowa ya haddace ta: a rage gishiri, a riƙa tattaki, a samu isasshen barci, a nisanci hayaƙi. Shawara ce mai kyau, sai dai wanda aka ba ita yakan baro asibiti ya koma layin da babu wurin takawa sai bakin kwata, ya kwana janaretan maƙwabci yana ruri a gindin tagarsa, ya fito sallar asuba ya tarar an cinna wa bola wuta. Rabin abin da likita ya ce a yi yana hannun unguwa, kuma wannan rabin ne zan yi bayanin yadda mutanen layi ɗaya za su kama shi, ko a Tudun Wada suke, ko Rigasa, ko Kawo, ko Kakuri, a nan garin Kaduna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka auku. A Nijeriya kusan baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Game da tasirin wurin zama, an taɓa gwada shi a Amurka tsakanin 1994 da 1998, inda aka yi wa iyalai kimanin 4,500 ƙuri'a a birane biyar, aka ba wasu damar tashi daga unguwannin da talauci ya yi wa katutu. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa matan da suka samu wannan dama sun fi sauran tsira daga ƙiba mai tsanani da ciwon suga, waɗanda duka biyun ƙofofi ne na ciwon zuciya. Yawancinmu ba mu da halin tattara kaya mu koma Unguwar Rimi ko Malali, saboda haka abin da ya rage shi ne mu gyara inda muke.

Ku fara da zagayawa

Kafin a kira taro ko a kafa kwamiti, ku samu mutum uku ko huɗu, a ciki har da dattijo ɗaya da mace ɗaya, ku ɗauki littafi da biro ku zagaya iyakar inda ƙafa za ta kai cikin kwata na awa daga ƙofar gidajenku. Ku yi wannan zagaye sau uku a rana ɗaya, bayan asuba, da la'asar, da kuma bayan isha'i, domin unguwar da kuka sani da rana daban take da wadda masu hawan jini suke kwana a cikinta. Ku rubuta inda hayaƙi yake tashi da lokacin da yake tashi, da inda mai tafiya a ƙasa yake dole ya sauka kan kwalta, da irin abincin da ake sayarwa, da abin da yake hana barci, da wuri mafi kusa da ake iya auna jini. Sanya mace a cikin tawagar ba don cika lissafi ba ne. Maigida yakan fita da safe ya dawo da dare, amma uwargida ita ce take wuni da hayaƙin murhu da ƙarar injin markaɗe, kuma ita ta san gidan da ake da tsohuwa mai kumburin ƙafa wadda ba ta taɓa zuwa asibiti ba.

Hayaƙi ne farkon abin kamawa

A ganina duk unguwar da za ta iya gyara abu ɗaya kacal, to ta gyara hayaƙi. Mutane sun ɗauka tari da asma kawai yake kawowa, alhali kaso mafi girma na mutum miliyan 4.2 da gurɓatacciyar iskar waje ta kashe a 2019 ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka yi ajalinsu. Dalili shi ne a cikin hayaƙi akwai ƙananan ƙwayoyi da masana suke kira PM2.5, waɗanda sun fi silin gashi siranta kusan sau talatin. Hanci ba ya iya tace su, sukan wuce har can ƙasan huhu, su tayar da kumburi a jijiyoyin jini, su sa jini ya hau, su kuma sa ya fi saurin daskarewa. Mai lafiya ba zai ji komai ba a ranar, amma wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka ƙuntace yana iya faɗuwa a irin safiyar da hayaƙi ya kwanta a layi.

Ku tsaya a kowane lungu da magariba a watan Disamba ku gani da idonku. An ɗauke wuta, mai shago ya tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, mai tuwo-tuwo tana hura ɗanyen itace da guntun leda, yara sun kewaye wata tsohuwar taya suna jin ɗumi, a ƙarshen layi kuma bola tana ci a hankali tun la'asar. Saboda sanyin hunturu hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya tsaya daidai tsayin mutum ya gauraya da ƙurar da iska take kwasowa daga ƙasar Cadi. Ƙurar hunturu ba mu da iko a kanta, iyakarmu takunkumi, da yayyafa ruwa kafin shara, da barin tsofaffi a ɗaki har hazo ya ɗaga. Sauran kuwa duk da hannunmu muke kunna su.

Game da bola, ku nemi mai unguwa ya tara magidanta a yi yarjejeniya cewa an daina ƙona ta a cikin layi. Yarjejeniyar ba za ta ɗore ba sai an samar wa shara mafita, don haka a sa ɗan kuɗi kowane gida a mako domin masu kwashewa da kura ko baro, a ware robobi da gwangwanaye da ƙarafa ga 'yan jari-bola, waɗanda su da kansu suke biyowa har gida. Idan tarin ya fi ƙarfinku, ku rubuta wa hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, ku nemi a kwashe. Janareta kuwa wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon inda ba kowa. Masana suna ba da shawarar tazarar mita shida, kuma na san a gidan haya mai ɗaki goma wannan da wuya, amma ko kusa ba a ajiye shi a zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene, domin iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane cikin barci. Haka nan kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

Murhu ya fi wuyar taɓawa, tunda kuɗin gas ne yake mayar da mutane kan itace da gawayi, kuma babu amfanin yi wa mace wa'azi a kan abin da aljihun maigida bai kai ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi: a yi girki a fili ko a buɗe wa madafa taga ta sama, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda ko tsohon silifa, a sauke goyo kafin a durƙusa gaban murhu. Inda mata suke da adashi, zubi ɗaya yana iya sayen murhu mai tsimin gawayi ko ƙaramar tukunyar gas, a bi gida-gida har kowa ta samu. Masu shan sigari a majalisa kuma a tuna musu cikin mutunci cewa na kusa da su ma yana sha, kuma dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta taƙaita shan ta a wuraren taruwar jama'a.

Wurin takawa

A 1953 wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu da kwandastocinsu. Aiki ɗaya, mota ɗaya, amma direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Abin lura a nan shi ne kwandastan bai taɓa ware lokacin motsa jiki ba, yanayin wurin aikinsa ne ya motsa shi. Haka ake so unguwa ta yi wa mutanenta. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take nema ga baligi shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga.

Dandalin Murtala wuri ne mai kyau ga wanda yake kusa ko yake da abin hawa, amma mazaunin Rigasa ko Hayin Banki ba zai biya kuɗin mota kullum domin ya je ya yi tafiya a ƙasa ba. Ku duba littafinku ku zaɓi hanya ɗaya a cikin unguwa, wadda za a iya kewayawa a dawo cikin minti goma sha biyar, ku mayar da hankali a kanta. A yi gayya a yashe kwata, a rufe ramukan da suka buɗe baki da silab, a roƙi masu shaguna su ja tebur da janareta baya su bar wa mai wucewa taku biyu, a haɗa kuɗi a sa fitila mai aiki da hasken rana a lungun da ake tsoro. Idan masu babur da Keke Napep suna sheƙa gudu a wurin, a nemi izinin hukuma kafin a yi tudun rage gudu, domin wanda aka yi da ka yakan jawo haɗari. Daga nan sai a sa lokaci. Dattawa uku da suka saba fitowa tare bayan asuba sun fi mutum ɗaya mai niyya ɗorewa, tunda duk ranar da ɗaya ya maƙale za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ga mata, a nemi shugaban makarantar firamare ko Islamiyya ko coci mai fili ya ba da harabar awa ɗaya da yamma, a rufe ƙofa, su zagaya a natse.

Rana ma tana hana tafiya, musamman a Maris da Afrilu, kuma maganinta inuwa. A birnin Louisville na Amurka an dasa bishiyoyi fiye da 8,000 a wasu unguwanni domin a ga abin da zai faru da jikin mazauna, aka kuma samu raguwar alamar kumburi a jininsu, irin kumburin da yake da alaƙa da ciwon zuciya. Mu a nan dashe ba ya yi mana wuya, raino ne yake gagara. Ku dasa darbejiya ko mangwaro a farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, nesa da ginshiƙin gini da wayar lantarki, ku kewaye kowace da kwando ko tsohon buhu saboda awaki, sannan ku damƙa ta ga gida ɗaya da sunansa, wanda zai ba ta ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu idan rani ya shigo. Bishiya goma masu mai kula sun fi ɗari da aka dasa ranar biki aka watse.

Tukunyar unguwa

Gishirin da aka yarda baligi ya ci a rana bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ba a gani: na dunƙule, da na ƙullin ɗanɗanon taliya, da na yajin tsire da kilishi, da na burodi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da yake hawar da jini a cikin gishiri. Matsalar ita ce mutane da yawa a Kaduna, daga ɗan kasuwa zuwa ɗalibi zuwa mai gadi, sau biyu a rana daga tukunyar wani suke ci, saboda haka ko uwargida ta rage a gida, mai abinci a bakin titi ta mayar.

An taɓa fuskantar irin wannan a lardin Karelia ta Arewa a ƙasar Finland, inda maza masu ƙarfi a jika suke mutuwa da ciwon zuciya fiye da kusan ko'ina a duniya. Aikin da aka fara a 1972 ƙarƙashin likita Pekka Puska bai tsaya a asibiti ba, ya shiga wurin ƙungiyoyin matan gida da masu shaguna da masu sarrafa abinci, kuma cikin shekaru arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki ta wannan ciwo ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ku ma ku je wurin masu dafawa. Kada ku ce wa mai tuwo ta daina sa dunƙule, za ta ce kuna so ku kashe mata kasuwa, kuma da gaskiyarta. Ku ce mata: Hajiya, inda kike sa goma ki sa takwas, ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, bayan wata guda ki sake ragewa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni idan aka bi a hankali. Mai shayi ya riƙa tambaya kafin ya zuba suga, mai ƙosai da mai awara su daina maimaita mai har ya yi baƙi, a walima da suna kuma a ajiye ruwa da zoɓo marar zaƙi sosai kusa da lemon kwalba. Idan ganye yana tsada a layinku, gidaje biyar su haɗa kuɗi mutum ɗaya ya saro daga masu lambu na bakin Kogin Kaduna, ko a shuka alayyafo da rama a buhu, a kafa zogale a bayan ɗaki.

Barci kuwa ana son baligi ya samu awa bakwai zuwa tara, kuma ƙarar dare tana hawar da jini ko da mutum bai farka ba. Wannan magana ce ta yarjejeniya kawai: ƙarfe nawa za a kashe janareta, ƙarfe nawa kiɗan biki zai tsaya, ina za a juya bakin lasifika. A bar dattawa su faɗe ta, domin daga bakin yaro rigima take zama.

Ku kawo awon jini inda mutane suke

Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutum ba zai bar sana'arsa ya bi layin asibiti domin abin da bai dame shi ba. A birnin Los Angeles an gwada kai awon shagunan aski 52 da baƙaƙen fata suke zuwa, aka haɗa masu askin wasu daga cikin shagunan da masana magunguna. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa cikin wata shida lambar sama ta awon jinin (ta farko a cikin biyun da na'ura take nunawa) waɗanda masanan suka kula da su a shagon ta sauka da kimanin 27, ta sauran kuwa da 9 kawai. Mu ma muna da shagon aski, da majalisa, da harabar masallaci bayan Juma'a, da gidan kitso.

Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awo mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, domin ta wuyan hannu ba ta kai ta daidaito ba. Ku nemi ma'aikacin lafiya da yake zaune a unguwa ya koya wa mutum biyu, namiji da mace. Wanda za a auna ya kasance bai ci goro ba, bai sha shayi ko kofi ko sigari ba cikin rabin awa, ya kuma yi fitsari idan yana ji. Ya zauna a kujera minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, a naɗe hannun riga, kada ya yi magana. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya a majalisa, inda wani zai shigo da sallama a fara gaisuwa ana cikin awo, don haka a ja kujerar gefe. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta masa a katinsa da kwanan wata. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, a tura shi asibiti. Idan ya kai 180 bisa 120 ya tafi a ranar, in kuma akwai ciwon ƙirji ko ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, a tafi nan take. Mai awo ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, kuma lambar da ya gani amana ce, ba ta zama hirar majalisa. A kuma riƙa jan kunnen jama'a cewa ba a aron ƙwayar maƙwabci, ba a kuma daina sha don an ji sauƙi.

Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an tsara kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Ku san taku, ku gaisa da mai kula da ita, ku tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA, domin tsadar magani ce take sa mutane da yawa yankewa. Ku kuma rubuta sunayen masu mota uku da suka yarda a tashe su da dare. Idan bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ya ji nauyi a ƙirji da gumi, sa'o'in farko su ne masu tsada. Wasu sukan ce shafar iska ce a tsaya neman tofi. A yi addu'ar a cikin mota ana tafiya. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, musamman a ɗakin da ake kwana da yawa, a kai shi a duba, domin wani irinsa idan ba a magance ba yana lalata ƙofofin zuciya. Mai jego da take haki ko kumburi ita ma kada a ce gajiyar haihuwa ce, tunda likitocin Zariya sun daɗe da bayyana irin wannan ciwon zuciya a matan Arewa.

Abin da ya fi ƙarfin gayya, kamar babbar magudanar ruwa ko gefen titi na masu tafiya a ƙasa, sai an bi ta hukuma. Ku bi ta mai unguwa zuwa kansila da ƙaramar hukuma, da takarda a rubuce mai ɗauke da buƙata ɗaya tak, da hotuna, da sa hannun magidanta, ku kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimi domin ranar komawa. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini ce a duniya, 29 ga Satumba kuma ta zuciya, kuma a irin waɗannan ranaku ya fi sauƙi a samu ma'aikatan lafiya su amsa gayyata. Bayan wata shida ku ɗauko littafin nan ku sake zagayen sau uku. Idan na farko a hunturu kuka yi shi, na biyu zai faɗo a damina, lokacin da hayaƙi ya ragu amma kwata ta cika ta shafe hanyar da kuka share wa dattawa, sai ku buɗe sabon shafi ku rubuta inda ruwa ya tsaya.